"INJI NE YA MUTU": Tarihin ƙananan jiragen sama da lissafin mai ya kayar

Jama'a, duk lokacin da labari ya zo cewa wani ƙaramin jirgin sama ya faɗo, bayanin da ke biyo baya kusan ɗaya ne: inji ne ya mutu. Sai mu yi salati, mu yi wa mamata addu'a, wasu su ce jirgin tsoho ne, wasu su ce akwai hannu a ciki, bayan kwana uku a shiga wata maganar. Ni ba matuƙi ba ne, ma'aikacin gwamnati ne mai sha'awar karanta rahotannin binciken haɗurra, kuma abin da na fahimta daga cikinsu shi ne, sau da yawa idan masu bincike suka kwance injin da aka ce ya mutu, sai su tarar lafiyarsa ƙalau. Mai ne bai isa gare shi ba. Rubutun yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a bi ni a hankali.

Mu fara da alƙaluma. A shekarar 2017 hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, wato NTSB, ta fitar da gargaɗi ga matuƙan ƙananan jirage. Ta ce daga 2011 zuwa 2015, a kowace shekara ana samun haɗurra sama da 50 da suka samo asali daga yadda aka tafiyar da mai. Kashi 56 cikin 100 mai ne ya ƙare ƙarƙaf. Kashi 35 kuma akwai mai a cikin jirgin, amma bai kai ga inji ba. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne, ɗalibai masu koyon tuƙi kashi 2 kacal suka ɗauka. Kusan rabin matuƙan da abin ya rutsa da su masu babban lasisi ne, irin wanda ake ɗaukar fasinja da shi a biya ka. Wato dai mai koyo yana tsoro, yana dubawa. Gwani ne ke cewa ai na saba.

Wanda ya taɓa hawa babur irin Jincheng zai gane bambancin waɗannan matsaloli biyu nan take. Akwai ranar da tanki ya bushe, dole ka tura. Akwai kuma ranar da babur ya fara shaƙewa alhali da sauran mai, sai ka kai hannu ƙasa ka murɗa makunnin zuwa rizab, ya ci gaba da tafiya. Ƙananan jirage ma haka suke. Yawancinsu tankunan suna cikin fukafukai, ɗaya dama ɗaya hagu. Jirgi irin Cessna 172, mai fukafukai a sama, yana iya shan mai daga tankunan biyu lokaci guda. Amma irin Piper Cherokee, mai fukafukai a ƙasa, sai matuƙi ya zaɓa da hannunsa: hagu, dama, ko a rufe. Idan ya shagala ya bar shi a kan hagu har ya ƙare, inji zai tsaya ko da tankin dama a cike yake maƙil. Mai babur yana iya ratsewa gefen titi ya duba abin da ya faru. Matuƙin jirgi ba shi da gefen titi.

Wannan matsala ta girmi kowa a cikinmu. A shekarar 1926, Charles Lindbergh saurayi ne mai jigilar wasiƙu da jirgi tsakanin St. Louis da Chicago. A daren 16 ga Satumba ya iso kusa da Chicago ya tarar hazo ya rufe ƙasa ruf. Ya yi ta kewayawa yana neman inda zai sauka, sai inji ya ɗauke tun kafin lokacin da lissafinsa ya ba shi. Dole ya diro da laimar sauka, ya bar jirgin ya faɗi a gona. Daga baya ya gano cewa an cire babban tankin jirgin don gyara, an saka wani ƙarami a madadinsa, kuma babu wanda ya gaya masa. Lissafinsa daidai ne, amma a kan tankin da ba ya nan ya yi shi. Mu da muke aikin ofis mun san wannan cuta sarai: a canza abu, a tafi hutu, ba takardar miƙa aiki, wanda ya gaji kujerar ya ci gaba da aiki da tsohon bayani.

Wata takwas bayan haka, ranar 20 ga Mayu 1927, wannan Lindbergh ɗin ya tashi daga New York shi kaɗai a jirgi mai inji ɗaya, ya sauka a Paris bayan awa 33 da rabi. Ya ɗauki galan 450 na mai, kimanin lita 1,700, a tankuna biyar. Babban tankin ma a gabansa aka ɗora shi, har ya tare masa ganin gaba, sai ta taga ko ta wani ɗan madubin leƙe. Duk tsawon tafiyar, da barci a idonsa, yana murɗa makunnai daga wannan tanki zuwa wancan yana rubuta lokaci. Ya sauka da sauran mai mai yawa. Duniya ta riƙe jarumtar, amma rabin nasarar lissafi ne da agogo da fensir, daga mutumin da ya taɓa ɗanɗana abin da ke faruwa idan lissafi ya kuskure.

Labarin da na fi so mu tsaya a kansa shi ne na John Denver, domin ya tattara kusan dukkan darussan a wuri ɗaya. Denver shahararren mawaƙin Amurka ne na shekarun 1970, kuma matuƙi ne na gaske, mai sama da awa 2,700 a sararin sama, ya tuƙa jirage iri-iri har da jet. A 1997 ya sayi wani ɗan jirgi mai kujera biyu da ake kira Long-EZ. Irin jiragen nan ne da injiniya Burt Rutan ya zana, mutane kuma su sayi zanen su ƙera da kansu a gida. Wani ne ya ƙera wannan, ya bi hannaye, sannan ya iso ga Denver.

A zanen asali, makunnin zaɓen tanki yana gaban matuƙi, tsakanin ƙafafunsa, inda hannu zai kai ba wahala. Wanda ya ƙera jirgin sai ya ga bai son bututun mai ya ratsa inda matuƙi ke zaune, saboda gudun gobara. Niyya mai kyau. Sai ya mayar da makunnin bayan kafaɗar matuƙi ta hagu. Ba a rubuta komai a jikinsa ba, kuma yadda ake murɗa shi ya saɓa wa hankali: ka juya shi dama, tankin hagu ka buɗe, ka juya shi ƙasa, tankin dama, ka ɗaga shi sama, ka rufe mai gaba ɗaya. Gejin mai kuma yana can wajen kujerar baya, inda wanda ke gaba ba ya iya gani sai ya waiwaya.

Ranar 12 ga Oktoba 1997, a filin jirgin Monterey da ke jihar California, Denver ya shirya ɗan zagaye da sabon jirginsa. Koyon da aka yi masa na wannan jirgi, kwana ɗaya kafin nan, bai wuce na kusan rabin awa ba. Shi da wani bakanike suka tattauna wahalar kai hannu ga makunnin, har suka gwada maƙala masa filaya don ya ƙara tsawo, abin bai yi ba. Bakaniken ya ba shi ɗan madubi don ya riƙa leƙen geji ta kafaɗa, ya kuma gaya masa abin da ya gani: tankin dama bai kai rabi ba, na hagu bai kai kwata ba. Aka yi masa tayin ƙara mai, ya ce a bari, tafiyar ba za ta wuce kamar awa ɗaya ba. Yana da niyyar a mayar da makunnin gaba idan ya tafi rangadin waƙa.

Ya tashi, ya gwada sauka da tashi sau uku, sannan ya nufi bakin teku. Da misalin ƙarfe biyar da rabi na yamma, mutanen da ke gaɓar Pacific Grove suka ji inji ya yi tari, sautinsa ya ragu, sai suka ga jirgin ya karkata ya nutsa da hanci cikin ruwa. Tsayinsa daga ruwa a lokacin bai wuce 'yan ɗaruruwan ƙafa ba. Denver ya rasu nan take yana da shekara 53.

Nan da nan jita-jita ta tashi cewa a buge yake, saboda an san ya taɓa samun matsalar tuƙin mota cikin maye. Gwajin da likitoci suka yi bai nuna giya a jikinsa ba. Masu bincike na NTSB kuwa sai suka nemo wani Long-EZ, suka zauna a ciki, suka gwada kai hannu inda makunnin yake. Suka ga dole mutum ya juya jikinsa gaba ɗaya zuwa hagu, kuma duk wanda ya yi haka, ƙafarsa ta dama takan miƙe da kanta don ya samu madogara. Abin da ke ƙarƙashin wannan ƙafa shi ne fedar da ke karkata hancin jirgi zuwa dama. Rahoton da ya fito a farkon 1999 ya ce mai ya yanke wa inji, matuƙi ya juya yana kokawa da makunni, ya danna fedar bai sani ba, jirgi ya kufce masa. Rahoton ya ɗora alhaki a kan rashin ƙara mai kafin tashi, da inda aka dasa makunnin, da rashin rubutu a jikinsa, da ƙarancin horo a kan wannan jirgi.

Ku duba jerin nan da kyau. Babu ɗaya daga ciki da shi kaɗai zai kashe mutum. Da ya cika tanki, ba zai buƙaci taɓa makunnin ba a tafiyar awa ɗaya. Da makunnin yana inda aka zana shi, murɗawar daƙiƙa biyu ce. Da yana can sama sosai, da ya samu sarari ya gyara. Ƙananan abubuwa ne suka yi layi, kuma kusan dukkansu a ƙasa aka yanke su, tun inji bai tashi ba. Bahaushe ya ce rigakafi ya fi magani, to a sama maganin ma ba kasafai ake samun lokacin shansa ba.

Akwai kuma nau'i na uku, wato mai yana nan, ya kai ga inji, amma ba shi ne man da ya dace ba. Ƙananan jirage masu injin fistan fetur na musamman suke sha, wanda ake rina shi shuɗi don a gane shi. Jiragen jet da masu injin tabain kuma danginsu kananzir suke sha. Bob Hoover, ɗaya daga cikin gwanayen matuƙan da Amurka ta taɓa yi, ya tashi daga San Diego da jirginsa Shrike Commander bayan wani wasan nuna gwaninta, sai injinan biyu suka mutu jim kaɗan da barin ƙasa. Mai zuba mai ya ɗauka jirgin mai shan kananzir ne, saboda ya yi kama da wani samfurin. Ɗan fetur ɗin da ya rage a bututu ya isa a tayar da inji a hau titi a tashi, daga nan kananzir ya iso. Hoover ya tsira da ransa. Abin da ya biyo baya shi ne ya fi muhimmanci: ya dage har aka canza bakin tiyon zuba man jet ya zama mai faɗi, aka kuma ƙuntata bakin tankin jiragen fetur da wani zobe, yadda ko mutum ya so ya yi kuskuren, tiyon ba zai shiga ba. Har yau da sunansa ake kiran wannan baki da wannan zobe. Ga wanda ya san aikin gwamnati, wannan darasi ne babba. Takardar tuhuma ga yaron da ya yi kuskure tana hukunta mutum ɗaya, canza bakin tiyo kuwa ya tsare duk waɗanda za su zo bayansa.

Ruwa ma yana cikin wannan babi. Ya fi mai nauyi, don haka yakan kwanta a ƙasan tanki, daidai inda inji ke zuƙa. Yana shiga ta murfin da robarsa ta mutu idan an yi ruwan sama, ko ta gumin da tanki ke yi idan an bar shi ba a cike ba, ko kuma ya zo tun daga wurin mai sayarwa. Shi ya sa ake koya wa kowane ɗalibi ya tsiyayi mai daga ƙasan kowane tanki a ɗan kofi mai haske kafin tashi, ya ɗaga ya duba launi, ya duba ko ruwa ya kwanta. Aikin minti biyu ne.

Daga irin waɗannan haɗurra aka gina ƙa'idojin da ake bi yau. A dokar Amurka, ƙaramin jirgi mai tafiya da gani da ido dole ya tashi da man da zai kai shi inda za shi, da rarar minti 30 idan da rana ne, minti 45 idan da dare ne. Matuƙa masu hankali da yawa awa guda suke ware wa kansu. Ana kuma koya musu kada su jingina da geji kawai: a buɗe murfi a leƙa, a tsoma sandar awo, sannan a lissafa da agogo. Ku lura, da lokaci ake auna man jirgi, domin nisa yana yaudara. Cessna 172 yana shan lita 30 zuwa 35 a awa, ko iska tana tura shi ko tana tunkararsa. Idan iska ta tunkare ka, tafiyar awa uku ta koma awa huɗu, garin yana nan inda yake a taswira, amma mai ya ƙare a hanya.

Kada a ɗauka ƙananan jirage kaɗai abin ke ci. Ranar 23 ga Yuli 1983, wani Boeing 767 na Air Canada ya rasa injinansa biyu a tsakiyar tafiya saboda an rikita laba da kilo wajen lissafi. Ana buƙatar kilo 22,300, aka tashi da laba 22,300, abin da bai kai rabi ba. Matuƙan suka lallaɓa da shi ba inji har tsohon filin soja na Gimli, ba a rasa rai ko ɗaya ba. Masu kallon ƙwallo kuma ba za su manta da 28 ga Nuwamba 2016 ba, ranar da jirgin LaMia ɗauke da ƙungiyar Chapecoense ta Brazil ya faɗi dab da Medellín a Kolombiya, mutum 71 cikin 77 suka rasu. A takardar shirin tafiyar, tsawon lokacin tafiya da tsawon lokacin da mai zai ɗauka lamba ɗaya aka rubuta, awa 4 da minti 22. Babu rarar ko minti ɗaya. Da aka ce su ɗan jira a sama wani jirgin ya fara sauka, shi ke nan.

Mu ma a nan muna da namu tabon. Ranar 26 ga Yuni 1991, jirgin Okada Air samfurin BAC 1-11 da ya nufo Kano ya kasa sauka saboda yanayi, ya juya Sakkwato, ya yi ta kewayawa har mai ya ƙare, ya sauka a daji a wajen gari, aka yi asarar rayuka. Ranar 18 ga Satumba 1994 kuma, jirgin Oriental Airlines da ya ɗauko 'yan ƙwallon Iwuanyanwu Nationale ta Owerri daga Tunis, bayan wasansu da Espérance, ya yi ta yunƙurin sauka a Tamanrasset ta Aljeriya cikin rashin gani sosai har mai ya ƙare. Mutum biyar suka rasu, biyu daga cikinsu 'yan wasa. Waɗannan sun fi jirgin Denver girma nesa ba kusa ba, amma tambayar ɗaya ce: idan inda za ka ya rufe, man da ya rage zai kai ka ina, kuma yaushe za ka haƙura ka juya? A yankinmu da hazo kan rufe filin jirgi kwana da kwanaki, kuma filayen suna nesa da juna, wannan tambaya ta fi nauyi.

Me ya sa gwanaye ke faɗawa wannan rami? Rahotannin suna maimaita dalilai iri ɗaya. Akwai gaggawa, a ce tsayawa shan mai zai ci awa guda, ga dare yana yi. Akwai kuɗi, mai ya fi araha a filin gida, bari a lallaɓa a kai. Akwai nauyi, domin ƙaramin jirgi ba ya ɗaukar cikakken tanki da cikakkun kujeru da kaya lokaci guda, sai a rage mai don a ɗauki fasinja da jakunkunansa. Akwai kunya, matuƙi ya ga mai ya yi ƙasa amma ya kasa buɗe baki ya gaya wa hasumiya a sarari cewa yana cikin matsala, don gudun tambayoyi da rubuce-rubuce. Sai kuma sabo, wanda ya fi su duka haɗari: ya yi sau goma ya sha, sai ya ɗauka ƙwarewa ce.

A nan ne abin ya shafe mu, ko da ba mu taɓa riƙe sitiyarin jirgi ba. Ƙananan jirage da masu saukar ungulu su ne na haya, su ke ɗaukar manyan mutane lokacin kamfe da ɗaurin aure, su ke kai marasa lafiya, da irinsu yaranmu ke koyon tuƙi a kwalejin Zariya da aka kafa tun 1964. Idan matuƙi ya ce sai ya tsaya ya sha mai, ko ya ce a rage kaya, ko ya ce yau ba za a tashi ba, mai gida da 'yan rakiyarsa su yi haƙuri su bar shi. Wanda ya matsa wa matuƙi don kada ya makara taro, da ransa yake ciniki, da na duk wanda ke cikin jirgin.

Mu kuma masu karanta labari, idan an ce inji ya mutu, mu ƙara tambaya ɗaya: me ya kashe shi? Nawa aka zuba, wa ya auna, wa ya sa hannu, an tsiyaya an duba? Muna da hukumar binciken haɗurra ta ƙasa, NSIB, wadda aikinta ke nan, kuma tana fitar da rahotanni. 'Yan jaridarmu su riƙa komawa kansu idan sun fito, ko da bayan shekara biyu ne, su fassara mana da Hausa. Abin da ya sa muka san inda makunnin Denver yake, da yadda ƙafarsa ta danna feda, shi ne wasu sun zauna sun bincika, sun rubuta, sun bar kowa ya karanta. Ajali idan ya zo ba makawa, wannan mun yarda. Amma an ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali, kuma a harkar jirgi ɗaurin raƙumin shi ne buɗe murfin tanki a leƙa.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya tsare matafiyanmu na sama da na ƙasa. Matuƙa da injiniyoyin jirgi da ke cikin abokaina, filin naku ne, ku ƙara mana haske a ƙasa.